Yadda ake zana hoto a katangar titi ya daɗe bai ɓare ba

Galibin zanen katangar da ka ga ya kumbura yana ɓarewa, ba fentin ne ya gaza ba. Katangar ce ke ajiye da danshi ko ƙura tun kafin a ɗora mata launi. Ragowar katangar Berlin da ke Jamus misali ce: a 1990 masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka ƙawata tsawon kilomita 1.3 nata, amma a 2009 sai da aka goge mafi yawan zanen, aka gyara simintin, aka sake zanawa. Saboda haka rabin aikin nan ana gama shi ne kafin a buɗe gwangwanin launi ko ɗaya.

Fara da izini a rubuce daga mai katangar, da hukumar birni idan wurin na jama'a ne. A sa tsawon lokacin da zanen zai zauna, da wanda zai gyara shi in ya lalace.

Sai binciken katangar, kuma a nan ake so ka ɓata lokaci. Ɗaga kai ka dubi samanta: idan ruwan sama na gangarowa ta fuskarta, ko akwai bututu mai yoyo, a gyara tukuna. Ka bi ta da ƙotar guduma kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji amo kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, sai an farfashe an sake yaɓe. Sabon yaɓen siminti kuwa a ba shi aƙalla kwana 28, domin kafin nan kaifin sinadarin da ke cikinsa na cin fenti, ya koɗar da launi. Don gane danshi, yanki leda mai faɗin kamar santimita 45 kowane gefe, ka manna ta da salatif, ka toshe gefunan huɗu, ka bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka tarar da raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, ruwa na fitowa daga cikin ginin. Farin garin nan mai kama da gishiri da ke tsattsafowa a jikin bulo shi ma shaidar hakan ce. Kada ka rufe shi da fenti, zai turo shi waje. Nemo inda ruwan yake shiga.

Idan da tsohon fenti a kai, tsaga alamar gicciye da reza, ka danna salatif a kanta, ka fizge. In ya biyo salatif, dole a kankare shi. Goga tsumma mai sifirit a wani gefe: fenti mai ruwa zai yi laushi ya ɓata tsumman, mai mai ba zai motsa ba. Sanin wannan ya zama dole, don fenti mai ruwa ba ya kama mai mai sai an dusashe ƙyallinsa da samfefa. Amma fentin tsofaffin gine-gine yakan ƙunshi dalma, don haka a jiƙa shi kafin gogewa, a sa takunkumi.

Wanke katangar da burushi mai tauri da ruwan sabulu. Inda gansakuka ta kama, a zuba bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, a bari kamar minti 15, a ɗauraye sosai. A cike tsagu, a bar ta ta bushe kwana biyu. Shafa tafin hannunka: in ya fito da gari, ba ta shirya ba.

Daga nan sai fentin shimfiɗa na siminti, wato shafin farko da ake yi kafin launi, wanda ke jure kaifin simintin. Ɗauki katanga mai tsawon mita 6 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 18. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a filasta mai santsi, amma a mai kaushi da ƙyar ta wuce 5 ko 6. Ke nan lita 2 zuwa 4 a shafi ɗaya. Yi amfani da rola mai kaurin gashi don fentin ya shiga ramuka.

Yanzu ɗora zanen. Hanya mafi aminci ita ce ta gidan dara. Zana hoton a takarda mai santimita 60 da 30, ka raba ta gida-gida na santimita 5. A katanga kowane gida zai zama santimita 50. Shafa wa igiya alli, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, a ɗaga tsakiyarta a saki, sai layi ya fito a miƙe. Kada ka ɗauki ƙasa a matsayin ma'auni, titi ba ya rasa gangara. Fitar da layin farko da ma'aunin daidaito na magina. Sa wa gidajen lamba, ka kwafi abin da ke cikin kowanne. Haska hoton a katangar da majigi ya fi sauri, sai dai aikin dare ne, kuma in bai fuskanci katangar kai tsaye ba, fuskar mutumin da ke cikin hoton za ta fito a karkace. A yi layukan da alli, kada a yi da alƙalamin maka, don tawadarta na hudo fenti ta bayyana.

Launi kuwa, nemi akirilik, wani nau'in fenti mai ruwa, na waje mai jure rana. Launukan da aka samo daga tsatsar ƙarfe, wato ja mai duhu, ruwan ƙasa da rawaya mai kama da yumɓu, su ne masu ƙarko. Masu walƙiyar nan da ke ɗaukar ido su ke fara koɗewa, wani lokaci cikin watanni. Kada ruwan sirki ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba ƙaron da ke riƙe launin zai yi rauni. Haɗa kowane launi da yawa a lokaci guda ka rufe a bokiti, domin da wuya ka sake dacewa da shi gobe, ga shi akirilik na ƙara duhu in ya bushe.

Fara daga sama zuwa ƙasa, manyan wurare kafin ƙanana, layukan baki a ƙarshe. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Bi inuwa: katangar da rana ta gasa tana busar da saman fenti kafin ƙasansa ya kama, daga nan ƙuraje ke tasowa. In hadari ya haɗu, a dakata. Lokaci-lokaci sauko daga tsani ka tsallaka titi ka duba, don daga can masu wucewa za su gani. Kwalliyar da ba ta kai faɗin yatsa ba ɓata wa kai lokaci ce. Mai fentin feshi ya riƙe gwangwani kamar santimita 20 daga katanga, hannu na tafiya kafin ya danna, kuma takunkuminsa ya zama mai matatar sinadari, na ƙyalle ba ya tare tururin.

Bayan kamar mako guda, a shafa banish, wato shafin kariya marar launi, mai ruwa mai tare hasken rana, shafi biyu, marar ƙyalli don kada ya riƙa kashe ido. Inda ake fargabar masu ɓata bango, a ƙara shafin kakin zuma na musamman a sama, wanda ake wankewa da ruwan zafi tare da rubutun ɓarnar, a sake shafawa.

In za a kafa allon suna da shekara a gefe, a ɗaure shi daidai ido, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, da ƙusoshin ƙarfe marar tsatsa. Ƙusa ta gama-gari za ta zubo da jan zirin tsatsa a kan zanen tun daminar farko.