Kurakuran da ake tafkawa wajen yawon ƙafa a tudun yashin bakin teku

Babbar matsalar irin hanyoyin nan ita ce sun cika kusa da gari. Ka sauka daga bas ko jirgi, ga shaguna ga otal-otal ga jama'a, ka taka minti goma sai ka tsinci kanka tsakanin tudun yashi babu kowa sai ciyawa da iska, amma da ka waiwaya kana hango benayen garin a bayanka sai zuciya ta ce ai shan iska ne kawai. Haka abin yake a Scheveningen ta birnin Hague a Holan inda dajin yashi na Meijendel ya fara daga bakin gidajen mutane, haka a Zandvoort, haka a De Panne ta Beljiyam, haka a wajen Arcachon ta Faransa, har Swakopmund ta Namibiya. Kusan duk kuskuren da zan lissafa daga raini ya samo asali, mutum ya shirya wa gari alhali daji zai shiga.

Na farko lissafin lokaci. Waya ta ce maka kilomita 8, kai kuma ka san a kan kwalta awa ɗaya da rabi zuwa biyu ka gama, sai ka tsara yininka a kan haka. To yashi mai laushi bai san wannan lissafin ba. Duk takun da ka yi ƙafa na nutsewa tana zamewa baya, ƙarfin da jiki ke kashewa ya kan ninka na ƙasa mai tauri sau biyu ko ma fi, kuma ba a cinya za ka fara ji ba, a sha-raɓa ne da bayan diddige. In hawa ne abin ya fi muni, tudun Pilat da ke kusa da Arcachon ya haura mita 100 kuma shi ya fi kowane tudun yashi tsawo a Turai, shi ya sa lokacin zuwan baƙi ake kafa masa matakala, duk da haka za ka ga ƙarti suna zama a tsakiya suna haki. Gyaran mai sauƙi ne, duk inda taswira ta nuna yashi zalla ka ninka lokacin, in kuma akwai zaɓi ka bi hanyar katako ko wadda aka zuba wa ɓawon kodin teku aka daddaɓe, a bakin ruwa kuma ka taka jiƙaƙƙen yashin da ruwa bai daɗe da janyewa daga kansa ba, ya fi tauri nesa ba kusa ba. Sai dai shi ma yana da gangara, ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa da ɗaya, in tafiyar ta yi tsawo ƙugu da gwiwa za su gaya maka.

Ga kuma iska wadda mutane ba sa sa ta a lissafi sam. An fita da ƙarfi iska na tura ka ta baya kana jin daɗi kana ta yin nisa, sai an juyo a gajiye sannan a gane ashe duk dawowar gaba da gaba za a yi da ita, yashi na shiga ido da haƙora. Ka fara da fuskantar iskar tun kana da ƙarfi ka dawo tana bayanka. Ko kuma abin da ya fi, tunda garuruwan bakin teku galibi bas ko jirgi ya haɗa su, ka yi tafiyar miƙe daga wannan gari zuwa wancan iska na bayanka ka hau mota ka dawo. A gaɓar Holan iskar ta fi zuwa daga kudu maso yamma amma ka duba hasashen ranar, ba kullum take bin al'ada ba.

Wanda ya fi haɗari a wurina shi ne rashin duba lokacin cikar teku. Mutum ya ga fili shimfiɗe ruwa can nesa sai ya ɗauka haka wurin yake zama. A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu ta janye sau biyu cikin awa 24 da kusan minti 50, wato tsakanin cika da janyewa awa 6 ne da ɗan ɗori, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50, don haka wanda ya ce maka ai jiya da la'asar ruwa ya janye bai taimake ka ba, jadawalin yau za ka duba, na wannan garin ba na maƙwabta ba. Sannan ruwan ba da gudu ɗaya yake hawowa ba, awar farko a hankali kamar ba ya motsi, amma awa ta uku da ta huɗu su kaɗai ke kawo kusan rabin cikar gaba ɗaya, nan ne ake mamakin mutane. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da bayan daren sha huɗu cikar ta fi girma janyewar ma ta fi nisa, in aka haɗa da iska mai ƙarfi daga teku ruwan na iya kaiwa har gindin tudun yashin ya hana ka hanya.

Kuma ba ta gaba ruwan ke kama mutum ba, ta baya yake zuwa. A gaɓar da take shimfiɗe akwai tudun yashi dogo a tsakiya, tsakaninsa da gaɓa kuma akwai kwari kamar ƙorama, shi kwarin yake fara cika kana can kan tudun kana ɗaukar hoto ƙafarka a bushe, ka juyo ka ga ruwa ya raba ka da gari. In za ka bi bakin ruwa ka fita lokacin da teku ke janyewa, ka riƙa waiwaye, da ka ga kwarin bayanka ya fara ɗaukar ruwa ka tsallake nan take tun yana idon sawu kar ka tsaya jiran komai. A tekun Bahar Rum da na Baltik cikar ba ta da yawa, amma a Tekun Arewa da gaɓar Atlantika ba abin wasa ba ce.

Sai yanke. Hanya ta yi gwiwa ta zagaya tudu, kai kuma kana hango teku a gabanka, sai ka ɗaga wayar shinge ko igiyar da aka kewaye wurin ka haura kai tsaye, ai ni kaɗai ne me zai faru. Abin da ke riƙe tudun nan wata doguwar ciyawa ce mai kaifin ganye, saiwarta na ratsa yashi tana ɗaure shi, kuma abin mamaki tana son yashi ya binne ta, ƙara tsiro take, amma ba ta jure taku. Mutum goma sha wani abu suka bi sawu ɗaya ciyawar ta mutu, iska ta samu ƙofa ta fara kwashe yashin, kafin ka ce me ɗan sawun ya zama rami mai faɗi. Kuma a wurare da yawa layin tudun farko shi ne katangar da ke tsakanin teku da garin. Mutanen Holan ba su manta ambaliyar 1953 ba wadda ta kashe mutum sama da 1,800, shi ya sa hawa tudun gaba laifi ne da ake cin tara a kai, ana tsallakawa ne kawai ta mashigar da aka tanada. Wasu dajin ma ruwan shan birni ake tacewa a cikin yashinsu, Meijendel kamfanin ruwa na Dunea ne ke kula da shi. Amma kar a ɗauka doka ɗaya ce ko'ina, a dajin ruwan Amsterdam da ke kusa da Zandvoort an yarda ka bar hanya ka kutsa inda kake so, sai dai ana biyan kuɗin shiga kuma ba a shiga da kare. Allon da ke bakin ƙofa minti biyu ne karanta shi, yawancin mutane wucewa suke.

Alamomin hanya ma ana yi musu karatun kuskure. Fari da ja a jere a jikin icce ko turke alamar doguwar hanya ce a Faransa da Beljiyam da Holan, in ka ga an gicciya su to ana ce maka ba nan ba ne ka koma. Kuma a kusa da gari hanyoyi iri uku ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta ƙafa, ta keke, ta doki. Baƙo ya ga kwalta mai santsi sai ya hau tsakiyarta da iyalinsa su jeru, alhali ta masu keke ce kuma a kan gangara da kwana suke fitowa da gudu ba sa ganinka sai sun iso. Ta dokin kuma ita ce yashin da aka tuttuƙe ya fi kowanne wahalar taku. Ka sauke taswira a wayarka tun kana gida don sabis na ɗaukewa a cikin kwari, tudun kuma duk kama ɗaya suke, in hazon teku ya sauko har benayen da kake dogaro da su ɓacewa suke.

Rana kuwa yaudara take a bakin teku. Iska mai sanyi na kaɗawa ba ka jin zafi ba ka jin ƙishi, ga yashi da kumfar ruwa suna mayar maka da hasken daga ƙasa, gajimare ma ba ya tare shi duka. Da ka gangara cikin kwarin da iska ba ta kaiwa sai ka ji kamar an rufe ka a tanda, inuwa babu. Baƙar fata na ragewa amma ba ta hanawa, leɓe da ido da ƙeya duk suna ji. Ruwa ka ɗauka fiye da yadda kake zato don cikin dajin babu shago, wuraren da ke bakin teku kuma da yawa na lokacin zafi ne, da sanyi ya shigo ake kwashe su. Hula mai igiya, tabarau, da riga mai tare iska a jaka ko da ka fito ana rana.

Takalmi ba sai na daɗe a kai ba. Silifas zai gajiyar da yatsu, babu takalmi kuma daɗi ne na rabin awa kafin yashin rana ya gasa tafin ƙafa ko fasasshen kodi ya yanka. Kambas mai raga-raga yashi yake sha, ya taru cikin safa ya goge fata ya yi bororo. Da ka ji ƙwaya ɗaya tana cizo ka zauna ka kaɗe, kar ka ce sai an kai.

Wanda kusan babu mai tunaninsa shi ne kaska. Ana ganin yashi sai a manta akwai ciyawa da ƙananan itatuwa da barewa da zomaye, a dajin yashin Turai kuwa kaska na da yawa kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. Ƙaramar ba ta wuce ɗigon biro ba kuma cizonta ba ya zafi. Ka cusa ƙafar wando cikin safa in za ka ratsa ciyawa, da ka koma masauki ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, ƙugu, yara kuma har bayan kunne da cikin gashi. In ka gan ta kar ka sa mata mai ko ashana ko ka matse cikinta, ka kama ta da matsefata dab da fata ka ja a hankali a miƙe, ka wanke wurin ka rubuta ranar. Cire ta da wuri na rage haɗarin sosai. In daga baya ka ga jan da'ira tana faɗaɗa a wurin ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi ka je asibiti ka faɗa musu kaska ce ta cije ka.

Manyan dabbobi kuma an sake su ne da gangan don su ci ciyawa kar daji ya rufe yashin, shanu masu dogon gashi da dawakai, a Kraansvlak kusa da Zandvoort har ɓaunar Turai aka saka tun 2007. Suna da sanyin hali a ido amma ba na gida ba ne, a ba su tazara aƙalla mita 25, ɓauna kuwa mita 50, kar a shiga tsakanin uwa da ɗa, kar a ba su abinci. Mai kare ya riƙe igiyarsa musamman daga Maris zuwa Yuli, don akwai tsuntsayen da a kan yashi tsirara suke saka ƙwai, launinsa ɗaya da tsakuwa, uwar ta tashi sau biyu uku saboda kare shikenan ƙwan ya lalace.

Yara da haƙa rami a jikin tudu, wannan kam a hana kawai. Yashi mai faɗin mita ɗaya tsawo ɗaya zurfi ɗaya ya fi tan ɗaya da rabi nauyi kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya rufta, mai tono don ceto yana tonowa yana komawa. Haka tsofaffin ɗakunan kankare na Yaƙin Duniya na Biyu da ke warwatse a gaɓar Faransa zuwa Denmak, wanda aka rufe a bar shi a rufe, in ka ga tsatsattsen ƙarfe mai kama da harsashi ko bam kar ka taɓa ka kira 'yan sanda. A wasu gaɓoɓin Baltik na Jamus ma ana tsintar wani abu mai launin zuma a ɗauka dutsen ado ne a jefa aljihu, ashe sinadarin bama-baman yaƙi ne, yana bushewa ya kama da wuta. Taba da gashi a cikin busasshiyar ciyawa su ma a'a, dajin da ke bayan tudun Pilat ya ƙone dubban hekta a Yulin 2022 har da sansanonin baƙi, irin wurin nan tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

An gama tafiya an yi gumi sai a faɗa ruwa a inda aka ga dama, galibi ma a zaɓi inda ruwan ya yi lumus babu igiya, alhali sau da yawa nan ne ruwa ke komawa teku da ƙarfi ta ɗan tsukin kwari. Ka yi wanka tsakanin tutoci masu ja da rawaya inda masu ceto suke, jar tuta kuma kar ka shiga. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi, ka kwanta a kan ruwa ka ɗaga hannu, ko ka yi iyo a gicciye tare da tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa.

Sannan ka san lokacin motar ƙarshe, don jadawalin lokacin sanyi ba ɗaya yake da na lokacin zafi ba, kuma da yawa cikin dajin nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kawai aka yarda a shiga, babu fitila ko ɗaya a ciki. Ka gaya wa wani hanyar da za ka bi. In wani abu ya faru a Turai lambar ita ce 112, kuma "ina cikin yashi kusa da teku" ba kwatance ba ne, ka riƙa lura da lambobin da ke jikin turakun bakin teku da na mashigai, su za ka karanta wa mai ɗaukar kiran.