Yadda za ka bibiyi ɗanka mai buga gem ba tare da ka ƙwace masa waya ba

Kafin ka kafa wa yaro doka, ka fara zama kusa da shi ka kalli abin da yake bugawa, domin gem ba iri ɗaya ba ne. Ka dubi sunan da ya laƙaba wa kansa da irin kayan da ya sanya wa ɗan wasansa, sannan ka tambaye shi dalili. A Free Fire ko PUBG, inda ake shiga fage mutum huɗu-huɗu, ka lura ko shi ne mai ba da umarni, ko mai komawa ya tayar da abokin da aka kayar, ko kuwa mai zagi idan an ci su. Yaron da ba ya buɗe baki a gida kan zama jagora a can, kuma sau da yawa wannan matsayi ne yake nema, ba harbin ba.

Daga nan ka ce ya koya maka. Idan Minecraft yake yi, ka sa ya bayyana yadda ya auna ginin da ya tayar da yawan tubalin da ya ci, domin lissafi ne yake yi bai sani ba, har ma tun 2016 akwai samfurinsa na makarantu. Mai buga gem ɗin ƙwallon ƙafa na eFootball kuma sai ya karanta maka bayanan 'yan wasa da Turanci, ya faɗi dalilin da ya sa ya ajiye wannan ya saka wancan. Abin da ya iya bayyanawa da bakinsa, shi ne ya shiga kansa.

Ka duba lambar shekaru ta PEGI (tsarin Turai mai nuna shekarun da suka dace yaro ya kai kafin ya buga) da ke jikin gem, wato 3, 7, 12, 16 ko 18. GTA V na 'yan 18 ne, ko da kuwa ana ganin ƙananan yara suna buga shi a gidan gem na unguwa. Ka rufe hanyar hira da baƙi a cikin gem ɗin, kada kuma ka bar katin bankinka a wayar.

Batun lokaci ku yanke shi tare, bayan aikin makaranta da na Islamiyya, sai ka sa manhajar Family Link ta Google, mai ƙayyade lokacin da yaro zai yi a waya, ta riƙe muku alkawari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa jarabar gem cuta ce, sai dai ma'auninta ba yawan awoyi ba ne. Abin da ake dubawa shi ne yaro ya kasa dainawa, ya fifita gem a kan karatu da barci, ya ci gaba duk da yana ganin illa, yawanci har tsawon wata 12. Idan abin ya kai haka, a kai shi wurin likita.