Shawara ga iyayen yaran da ke son aikin lafiya

Assalamu alaikum. Iyaye da yayye na nan Jos, idan yaro ko yarinya ta nuna sha'awar aikin asibiti alhali babu wanda ya taɓa bin wannan hanya a gidan, ku samar mata mai ja-gora tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake zaɓar ajin kimiyya. Ɗalibin likitanci na Jami'ar Jos ko ma'aikaciyar jinya ta unguwa sun isa, in dai za su riƙa zama da ita suna duba darussanta.

Abin da ke kayar da yaranmu shi ne rashin sanin sharuɗɗa da wuri. Likitanci yana buƙatar kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis, kuma a jarrabawar JAMB ana rubuta Turanci ne tare da darussan kimiyyar nan 3. Karatun kansa shekara 6 ne, don haka a shirya wa ɗawainiyarsa.

A gaya mata kuma cewa kwalejin jinya da ungozoma ta Vom da kwalejin fasahar lafiya ta Pankshin hanyoyi ne masu daraja, musamman da yake asibitocinmu suna ƙarancin ma'aikata mata masu jin Hausa.