Tsohon Fim ɗin Ban Tsoro da Abin Shan da Ake Haɗa Masa: Inda Masu Sharhi Suke Tuntuɓe

A Amurka da Ingila, da zarar Oktoba ta kama sai tsofaffin finafinan ban tsoro su dawo kasuwa. Gidajen sinima su yi ta haska su har daren Halloween, 31 ga wata. Masu sharhi kuma suna da wata al'ada tasu: a ɗauki fim guda a yi masa fashin baƙi, sannan a haɗa masa abin sha na musamman, wato koktel, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko sunansa zai riƙa tuna wa mutum fim ɗin. A can galibi da giya ake yi. Amma wanda ba a sa wa giya, da suke kira moktel, shi ma yana da masu so, kuma shi ne ya shafi yawancinmu. Ko da giya ko babu, kurakuran iri ɗaya ne, kuma kusan dukansu daga wuri guda suke tasowa: an riga an zaɓi abin sha kafin a zauna a kalli fim ɗin.

Ja ake fara kawowa. Tunda fim ɗin tsoro ne, sai a ce jini, sai a cika tambulan da ruwan tumatir ko na rumman a ce an gama. To, fitattun finafinan nan da yawa baƙi da fari ne, babu ɗigon ja a cikinsu. Jinin da ke gangarawa a banɗakin nan na Psycho, fim ɗin Alfred Hitchcock na 1960, ruwan cakulan ne, saboda ya fi fitowa da kauri da duhu a kyamarar baƙi da fari. Da shi kuma George Romero ya yi aiki a Night of the Living Dead na 1968. Wanda ya san haka ba zai nemi tumatir ba. Ka ɗebi garin koko cokali biyu, ka dama shi da ɗan ruwan zafi da sukari har ya yi kauri yana bin cokali. Ka cika tambulan mai garai-garai da madara mai sanyi, sannan ka zuba kokon a hankali ta gefe, kada ka juya. Zai gangara yana zana duhu cikin fari. Duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin zai gane ba sai an yi masa bayani ba, wanda bai gani ba kuma ka ba shi labarin da bai sani ba.

Ja yana da nasa wurin. Kamfanin Hammer na Ingila ne ya yi suna da nuna jini da launi, a The Curse of Frankenstein na 1957 da Dracula na 1958, inda Christopher Lee da Peter Cushing suka fito. Sai Suspiria na Dario Argento, ɗan Italiya, a 1977, wanda jan cikinsa har kashe ido yake yi. A nan zoɓo ya fi komai dacewa, kuma ba mu kaɗai muke shan sa ba, ana shan sa a Senegal da Masar da Meziko, masu haɗa abin sha a Amurka ma suna nemansa saboda launinsa. Sai dai jan finafinan biyu ba ɗaya ba ne. Na Hammer mai nauyi ne, don haka ka dafa zoɓon da kanunfari da citta, ka tace, ka mayar da kaɗan kan wuta da sukari har ya tsotse ya yi danƙo, ka tsoma bakin tambulan a ciki ka bar shi ya ɗiɗɗigo. Na Argento kuwa ja ne mai haske irin na fenti, kuma da gangan ya yi shi haka. Ka matsa lemun tsami a zoɓon, tsamin zai buɗe launin ya tashi daga jan duhu ya koma jawur.

Wannan son jan ne yake tona asirin wanda fosta kawai ya gani. Za ka karanta an rubuta cewa a The Texas Chain Saw Massacre na 1974 jini ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Koma ka kalla. Jinin da Tobe Hooper ya nuna kaɗan ne ƙwarai, kuka da ƙarar zarto da zafin rana ne suke sa mutum ya ɗauka ya ga abin da bai gani ba. Fim ne na gumi da ƙura da ƙishirwa, abin da ya dace da shi tsamiya ce da citta mai yawa da ɗan barkono, wadda za ta ɗan ƙona maƙogwaro. Halloween na John Carpenter, 1978, shi ma bai cika jini ba. Kiɗan fiyano ne da farar fuskar da ke tsaye can nesa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne bin suna. Akwai tsofaffin koktel masu sunaye masu ban tsoro, sai mai sharhi ya ɗauko ɗaya ya liƙa wa fim don kawai sunan ya yi kama. Wanda ake kira Zombie, wato gawar da ta tashi tana yawo, Donn Beach ne ya ƙirƙiro shi a mashayarsa ta Hollywood a 1934, shekara 34 kafin fim ɗin Romero. Haɗin giyar rake ne da ruwan 'ya'yan itace, abin shan nishaɗi irin na bakin teku. Me ya haɗa shi da mutanen da suka kulle kansu a wani gidan gona a Pennsylvania suna buga katako a tagogi, suna rikici da juna fiye da yadda suke yi da gawawwakin da ke waje? Shi kuwa Corpse Reviver, wato mai tayar da gawa, wanda yake cikin littafin haɗe-haɗen otel ɗin Savoy na Landan na 1930, an yi shi ne don wanda ya kwana yana sha ya farfaɗo da safe, ba ruwansa da Frankenstein. Gyaran mai sauƙi ne: ka ɗauko wani abu daga cikin fim ɗin, launi ko wuri ko yanayi, ka gina abin shan a kansa, ka raɗa masa suna da kanka.

Tunda an ambaci Frankenstein: sunan likitan da ya haɗa dodon daga sassan gawa ne, ba na dodon ba. A fim ɗin James Whale na 1931 dodon ba shi da suna, har ma a jerin sunayen farkon fim alamar tambaya aka sa a gurbin Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin dodon. Mai karatun da ya sani, da ya ga ka sauya su ya daina yarda da sauran bayaninka.

In za ka raɗa suna, ka kula kada sunan ya fallasa ƙarshen labari. Hitchcock ya sa gidajen sinima sun hana kowa shiga Psycho bayan an fara, don kada a ɓata abin da ya ɓoye. Tsufan fim ba izini ba ne, kullum akwai wanda yau ne zai fara ganinsa.

Akwai kuma wanda ya kalli fim ɗin sarai amma bai ji abin da yake faɗa ba. Babban misali The Shining na Stanley Kubrick, 1980. Kusan kowa wuski yake haɗa masa, saboda wurin nan da Jack Nicholson ya zauna a mashayar otel. Amma labarin mutum ne da sha ya riga ya taɓa cutar da iyalinsa, ya daina, yana fama da kansa. A wurin nan ya furta cewa zai ba da ransa don ya samu kofi ɗaya, sai ga mai zuba giya ya bayyana a ɗakin da ba kowa. Daga nan otel ɗin ya gama kama shi. Ka ɗaga kofi kana murna a daidai wannan wuri, ka nuna ba ka fahimci me ya faru ba. A ganina babu fim ɗin da moktel ya fi cancanta da shi kamar wannan: ruwan tuffa mai sanyi ƙarara, mai launin wuski amma ba shi ba, da ƙanƙara har baki saboda dusar ƙanƙarar da ta rufe otel ɗin. Shi ma Dracula na Bela Lugosi a fim ɗin 1931, da ya zuba wa baƙonsa giya, cewa ya yi shi ba ya sha.

A ɓangaren sharhin kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne auna tsohon fim da tambaya ɗaya tak: ya tsorata ni? Nosferatu na F. W. Murnau ya fito a Jamus a 1922, ba a jin magana a cikinsa. Ba zai sa ka zabura daga kujera ba, ba a kuma yi shi don haka ba. Abin dubawa shi ne yadda inuwar Max Schreck, wanda ya fito a matsayin mai shan jinin, take hawa bene kafin shi, da yadda aka haɗa zuwansa da ɓeraye da annoba. Tarihinsa ma abin faɗa ne: an ɗauko labarin daga Dracula, littafin Bram Stoker na 1897, ba tare da izini ba, matar marigayin ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafe-kwafen, wasu suka tsira. Dracula na 1931 kuwa mutane kan yi ƙorafin shirunsa ya yi yawa. Lokacin ba a daɗe da fara fim mai sauti ba, ba a rubuta masa kiɗa nasa ba. Wanda wasu suke ji a yau Philip Glass ne ya rubuta shi, ya fito a 1999.

Shi ya sa dole ka faɗi wane kwafi ka kalla, ka kuma rubuta shekara. An ɗauki wuraren dare na Nosferatu da rana, aka rina su shuɗi don a gane dare ne. A kwafin da ba rinin sai ka ga mai shan jini yana yawo da rana tsaka, har wani ya rubuta cewa daraktan ya yi kuskure. Nosferatu uku ne sanannu, 1922 da 1979 da 2024. Suspiria biyu, 1977 da 2018. Dracula na 1931 ma biyu ne, domin da dare wasu 'yan wasa sukan shiga ɗakin ɗaukar su yi nasu da Sifaniyanci. The Shining da aka nuna a Amurka minti 144 ne, na Turai 119.

Wani abin da ake cakuɗawa shi ne fitaccen fim da fim ɗin 'yan gani-kashe-ni. Na biyun ba lallai ne ya yi kasuwa ba, wasu tsiraru ne suka riƙe shi suka hana shi mutuwa. The Thing na Carpenter bai yi kasuwa ba a 1982, 'yan jarida suka yi masa kaca-kaca, kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka ɗaga shi daga baya. The Rocky Horror Picture Show na 1975 haskawar tsakar dare ce ta raya shi, 'yan kallo suna zuwa da shigar 'yan wasan suna mayar wa allo magana. Wani kuma saboda rashin kyansa ake sonsa, irin Plan 9 from Outer Space na Ed Wood, wanda Lugosi ya rasu a 1956 aka sa wani da ya fi shi tsawo ya rufe fuska da mayafi ya tsaya a madadinsa. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san irin wannan a aikin 'yan gidan Ramsay, Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, inda ake tsaka da gudun dodo sai waƙa ta shigo. Dariya ba laifi ba ce, amma sharhin da ba komai cikinsa sai ba'a bai gaya mana dalilin da ya sa mutane suka shekara arba'in suna komawa ba.

Saura wanda zai iya kai mutum asibiti. Ana son a ga hayaƙi yana tashi daga kofi, sai a jefa busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, haɗiye ɗan guntunta yana ƙona maƙogwaro da ciki. In dole sai an yi hayaƙin, a sa ta a wani babban kwano daban, a ɗora mazubin abin shan a ciki, kada a taɓa ta da hannu, kuma a buɗe taga. Ruwan naitirojin ya fi ta muni: a 2012 a Lancaster ta Ingila sai da likitoci suka cire wa wata yarinya 'yar shekara 18 tumbinta gaba ɗaya bayan ta sha koktel da aka zuba wa shi. Sai garin gawayin nan da ake sawa don abin sha ya yi baƙi ƙirin. Asibiti na amfani da shi ga wanda ya sha guba saboda yana kama abin da ke ciki, to haka yake kama maganin da baƙonka ya sha kafin ya zo. Hukumar lafiya ta birnin New York ta hana sa shi a abinci da abin sha. Baƙin kofi mai sanyi ko ɗigon kalar abinci ya wadatar. In kuma ƙyalli kake so cikin duhu, ruwan tonik yana haske shuɗi a ƙarƙashin fitilar ultrabayolet saboda kwinin da ke cikinsa.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai: ka ɗanɗana kafin ka rubuta. The Exorcist na 1973 ya sa mutane da yawa sun markaɗa koren wake, don da miyarsa aka yi aman nan na cikin fim ɗin. A hoto ya yi daidai, amma ba mai iya shanye shi, balle yana kallon wurin. Kokwamba da na'a-na'a da lemun tsami za su ba ka koren. Ka rubuta awo na gaskiya, cokali nawa, kofi nawa, na mutum nawa. Ka kuma haɗa komai kafin a kashe fitila, ka ajiye ƙanƙarar daban kowa ya ɗiba, domin fim ɗin ya haura awa biyu, wadda aka zuba tun farko kafin a kai rabi ta narke ta tsinka abin shan.