Kurakuran da matasan Tawa suka fi yi wajen bin labarai a waya

Yau a Tawa labari ya fi saurin isa fada ta WhatsApp, Facebook da TikTok fiye da ta rediyo. Wannan alheri ne, musamman a Adar inda da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan cin rani a Abijan, Libiya ko Najeriya. Sai dai akwai kurakuran da ake ta maimaitawa, babbansu kuwa shi ne gaskata vokal don kawai mai maganar ya yi rantsuwa.

Kowa ya san irinsa: sallama, sai a ce yanzu-yanzu abu kaza ya faru a hanyar Konni, kowa ya tura wa ɗan'uwansa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi rana ba, bai faɗi ƙauyen ba. Wata kila ma tun bara aka ɗauki muryar. Ka dubi saman saƙon tukuna: kibiya ɗaya tana nufin turo shi aka yi, kibiya biyu kuwa ya riga ya ratsa hannu biyar ko fiye. Sannan ka tambayi wanda ya turo maka, a bakin wa ya ji? In ya ce a gurup ya gani, to bai fi ka sani ba. In batun hanya ne, kiredin minti ɗaya ya isa ka kira direba a tasha ko wani naka a garin da aka ambata. Wannan kuskure ya fi damuna, domin vokal ɗin da kai ka tura ka manta, shi ne wata tsohuwa za ta ji a wayar jikanta, ta kwana ba barci tana tunanin ɗanta da ke kan hanya.

Bidiyo ma ana yawan faɗawa tarkonsa. Ambaliyar daminar 2024 gaskiya ce, ta yi ɓarna a Maradi da Yamai, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Amma a irin wannan lokaci ne ake cusa hotunan wasu ƙasashe ko na wasu shekaru. Ka tsayar da bidiyon ka duba da kyau: lambar mota, kakin jami'ai, rubutun da ke jikin kanti na Faransanci ne ko na Ingilishi, wane harshe ake yi a baya. Ka ɗauki hoton fuskar wayar ka sa a Google Lens, manhajar bincike da hoto, sau da yawa zai nuna maka inda ya fara fitowa. Yanzu har muryar mutum da fuskarsa ana haɗawa da na'ura, don haka ganin wani babba yana magana a TikTok bai wadatar ba.

Wasu kuma kanun labari kaɗai suke karantawa don tattalin mega, su hau gardama. Gara ka buɗe labari ɗaya ka kai ƙarshensa da ka leƙa kanu ashirin. Haka nan TikTok da Facebook abin da ka daɗe kana kallo suke ƙara kawo maka, har ka ɗauka kowa ra'ayinka gare shi. In sanarwar hukuma ce, ka neme ta a shafin ANP (kamfanin dillancin labarai na gwamnati), jaridar Le Sahel ko labarun Tele Sahel. Takardar da ba lamba, ba kwanan wata, ba sa hannu, ka ajiye ta. Ka haɗa da wata kafa dabam, kamar shirin Hausa na Studio Kalangou da gidajen rediyon karkara ke watsawa, ka auna maganganun biyu.

Maganar magani kuwa, ka kai ta likita kafin ka kai ta gurup. A 2014, lokacin Ebola, saƙon waya ya sa mutane a Najeriya shan ruwan gishiri da wanka da shi, har aka rasa rayuka. Saƙon da ya ce ka latsa nan ka sami mega kyauta shi ma kada ka taɓa shi, kuma kada ka ba kowa lambobi 6 da WhatsApp ya aiko maka.

Da yawa suna zaton wanda ya tura kawai ba ruwansa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 na sefa ga wanda ya yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. In har ka riga ka tura sannan ka gano ƙarya ce, ka goge wa kowa, ka kuma yi vokal a wannan gurup ɗin ka faɗi cewa labarin ba haka yake ba, domin waɗanda suka riga suka saurara ba za su lura da gogewar ba.