Yadda za ka gane ko shan giyar mai karɓar maganin HIV ya ragu ko ya ƙaru

Wannan na ma'aikatan lafiya ne dake zama da masu karɓar ARV, wato maganin HIV. Matsalar farko, kowa ka tambaya "kana shan giya?" zai ce a'a ko kuma "kaɗan kaɗan", saboda tsoron kar a yi masa faɗa ko a hana shi magani. To idan ba ka da awo na farko mai kyau, babu abinda zaka kwatanta da shi nan gaba.

Ranar da aka buɗe masa fayil ka fara. Yi amfani da AUDIT-C, tambayoyi 3 ne kacal da aka ciro daga AUDIT na hukumar lafiya ta duniya WHO mai tambayoyi 10: sau nawa yake sha, kofi nawa a ranar da ya sha, sannan sau nawa yake shan kofi 6 ko fiye a zama ɗaya. Maki daga 0 zuwa 12 ne, namiji 4 zuwa sama, mace 3 zuwa sama, akwai haɗari. Amma fa AUDIT na asali shekara guda yake tambaya, in kana son ganin canji sai ka maida tambayar zuwa wata 3 da suka wuce, kuma kullum haka, kar yau ka ce wata 3 gobe ka ce shekara, lambobin ba za su haɗu ba.

Kofi ma sai an yi bayani. A lissafin WHO kofi ɗaya giram 10 ne na zallar barasa, a Amurka 14. Mutum zai ce kwalba biyu ya sha, wace irin kwalba? Ajiye hotunan kwalabe da kofuna a tebur ya nuna da hannu. In kana da lokaci ka ɗauko kalanda ku bi kwana 30 baya rana-rana, ranar albashi da ranakun biki sukan tuna masa.

Yanzu ga inda nake ganin mutane ke ruɗuwa. Wanda ya zo a galabaice yakan daina sha don jiki ya ƙi, bayan wata 6 ya murmure sai ya koma, kai kuma ka riga ka rubuta "ya daina". Bincike a Mbarara ta Uganda ya nuna irin wannan, sha ya sauka sannan ya sake hawa cikin shekarar farko, kuma da yawa da suka ce basa sha gwajin jini ya nuna akasin haka. Gwajin shi ne PEth, yana gano shan sati 2 zuwa 4 da suka wuce, ɗigon jini a busar a takarda ya isa. Na fitsari, EtG, kwanaki kaɗan kawai yake kamawa. Tsada dai akwai, in babu hali ko wasu daga cikin marasa lafiyar aka gwada ya fi babu.

Wanda ke tambaya kar ya zama mai wa'azi, ka fara da ce masa "maganinka na nan ko me ka faɗa". Kuma ka rubuta makin kusa da yawan ƙwayar cutar a jini da ranakun da ya tsallake magani, musamman in yana shan isoniazid na kariyar tarin fuka, don shi da giya duk hanta suke taɓawa.