Yadda Ake Sa Lambar Raunin Ciki, Ƙugu da Ƙasan Baya: S30 zuwa S39

Mai sa wa cututtuka lamba ba ya ganin majinyaci, abin da likita ya rubuta kaɗai yake gani. A raunin ciki da ƙugu kuwa, abin da ke saman fata sau da yawa ba shi ne ya kwantar da mutum ba. Shatin bel ɗin mota a mara ido na ganinsa, amma hanjin da ya fashe a ƙarƙashinsa sai a rahoton tiyata za a same shi. Don haka karatun fayil daga ciki yake farawa ya fito waje: rahoton tiyata, takardar sallama, sannan bayanin ɗakin gaggawa. Sakamakon hoto yana ƙara haske, sai dai ba a ɗaukar cuta daga cikinsa sai likitan da ke kula da majinyacin ya tabbatar da ita a rubuce.

Kafin komai a san kundin da ake aiki da shi. ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya gajerun lambobi gare shi, kamar S36.0 na raunin saifa. ICD-10-CM, wanda Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Oktoba 2015, yana kai lamba har gurbi 7, wato haruffa da alƙaluma bakwai ban da ɗigo, kuma shi wannan bayani ya bi. Ana sabunta shi duk Oktoba, saboda haka a duba bugun da ya dace da ranar ganin majinyaci.

Rukunan goma ne. S30 raunin saman fata, S31 buɗaɗɗen rauni, S32 karaya, S33 gocewa da targaɗe, S34 laka da jijiyoyinta, S35 jijiyoyin jini, S36 kayan ciki, S37 ƙoda da mafitsara da gaɓoɓin mara, S38 murƙushewa da guntulewa, S39 tsoka da sauran raunuka.

A S31 tambaya ɗaya ce ke raba hanya: raunin ya huda tantanin da ya lulluɓe kogon ciki, ko ya tsaya a bango? In ya tsaya, S31.1 ne. In ya shiga, S31.6. Gurbi na 5 yana faɗin irin raunin: 1 yanka ba baƙon abu a ciki, 2 yanka da baƙon abu, 3 huda ba baƙon abu, 4 huda da baƙon abu, 5 cizo. Gurbi na 6 wuri ne: 0 sama ta dama, 1 sama ta hagu, 2 saman ciki ta tsakiya, 3 ƙasa ta dama, 4 ƙasa ta hagu, 5 kewayen cibiya. Yankan da ya shiga kogon ciki ta ƙasan dama, ba a bar komai a ciki ba, S31.613A ke nan; bayanin harafin A na ƙarshe yana nan gaba. Kuskuren da ake yi a nan shi ne tsayawa a wannan lambar. Idan wuƙar ta taɓa hanji ko hanta, lambar S36 tana shiga, kuma galibi ita ce a gaba, S31 ta biyo ta.

S36 da S37 su ne inda santimita ke magana, kuma nan ne ya kamata a fi nutsuwa. Tsagewar saifa da ba ta kai santimita 1 ba S36.030 ce, daga 1 zuwa 3 S36.031, abin da ya haura 3 kuma S36.032. Wannan ta ƙarshe ta haɗa da saifar da ta tsage kamar tauraro, da wadda ta tsinke daga mazauninta, da matsakaitan tsaga da yawa wuri guda. Tararren jini a saifa iyakarsa santimita 2: ƙasa da haka S36.020, sama da haka S36.021. Tsagewar ƙoda ma ma'auninta irin na tsagewar saifa ne, S37.04, S37.05 da S37.06, da ƙarin gurbin dama 1, hagu 2. Hanta ce ta bambanta, domin tsayi da zurfi ake dubawa tare. Wadda ba ta kai santimita 10 a tsayi da 3 a zurfi ba matsakaiciya ce, S36.115, wadda ta wuce haka babba ce, S36.116.

Matsalar ita ce likitocin tiyata sun fi rubuta mataki, a ce tsagewar saifa mataki na III, bisa ma'aunin da suke amfani da shi a tsakaninsu. Wannan ma'auni bai zo daidai da kundin lambobi layi da layi ba. Kada mai sa lamba ya juya mataki zuwa lamba da hasashensa. A nemi girman tsagar a rahoton, in babu a tambayi likita. Faɗawa kan S36.039 ta saifa ko S36.113 ta hanta, wato ba a fayyace girma ba, yana mayar da raunin da ya kusa kashe mutum tamkar wanda ba a san nauyinsa ba, kuma hakan zai bi shi cikin kuɗin jinya da ƙididdigar asibiti.

A S32, ƙa'idoji biyu suna cike giɓin rubutu. Karayar da ba a ce buɗaɗɗiya ko rufaffiya ba, rufaffiya ake ɗaukarta. Wadda ba a ce ƙashin ya goce ko bai goce ba, gotacciya ake ɗaukarta. Ƙasusuwan ƙasan baya biyar suna bin S32.01 zuwa S32.05, gurbi na 6 kuma ya faɗi siffa: 0 lotsewa, 1 fashewa mai tsayayyen ƙashi, 2 fashewa mai rawa. Lotsewar na farko S32.010A ce. Ƙashin ƙugu zobe ne, kuma zobe kan karye a wuri fiye da ɗaya. Idan likita ya ce zoben ya rabu, ba a jera lambobin ƙasusuwan zoben, S32.3, S32.5 da S32.6, ɗaya bayan ɗaya, S32.81 ake zuwa, 0 in yana tsaye, 1 in yana rawa. Kwaryar da kan ƙashin cinya ke zama a ciki S32.4 ce, amma abin da ake kira karayar kwatangwalo ba tare da ƙarin bayani ba yana S72.0, wajen wannan sashe gaba ɗaya.

In karayar ta taɓa laka, S34 ake fara sawa, S32 ta biyo. Matakin da ake bi a S34 na laka ne, ba na ƙashin da ya karye ba, kuma mafi sama ake ɗauka.

Targaɗe da jan tsoka suna rikita mutane da yawa, saboda majinyaci iri ɗaya yake jin su. Igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a ƙasan baya in ta ja, S33.5XXA. Tsokar ƙasan baya in ta ja, S39.012A. Ciwon ƙasan baya da ba a danganta shi da rauni ba M54.5 ne da rassansa. Harafin X da ke cikin S33.5XXA cike gurbi yake yi don harafin ƙarshe ya zauna a wuri na 7, kuma lambar da aka tsallake shi a cikinta ba ta karɓuwa.

Harafi na 7 yana bin irin jinyar da ake yi, ba yawan zuwa asibiti ba. A na nufin ana kan maganin raunin gadan-gadan, ko da likita na uku ne ke ganin majinyacin. D na lokacin warkewa ne: cire zare, duba ɗinki, hoton bibiya. S na abin da raunin ya bari bayan ya warke, kuma lambar matsalar da ta saura ce ke gaba, ta raunin mai S ta biyo. Karaya tana da ƙari: B buɗaɗɗiya, G jinkirin haɗewa, K ƙin haɗewa. Ba a amfani da lambobin Z na kulawar bayan jinya a kan rauni, D ta riga ta ɗauke wannan.

Akwai raunukan da suke kama da na wannan sashe amma ba nasa ba ne, kuma a ganinmu sun fi kowane kuskure ɓata bayanai. Saifa ko hanjin da aka huda bisa kuskure ana cikin tiyata yana lambobin matsalar aiki, irin D78.1 da K91.7. Raunin gaɓoɓin mara wajen haihuwa O71 ne. Mai lalacewar ƙashi da aka riga aka sani, ya yi 'yar faɗuwar da ba za ta karya lafiyayyen ƙashi ba, M80 ce tasa, ba S32 ba. Ƙoda da ta tsaya aiki farat ɗaya ba tare da duka ba N17.9 ce. Ƙuna tana T20 zuwa T32, abin da aka haɗiye ko ya shiga ta wata ƙofar jiki kuma T18 da T19.

Wajen jeri, raunin da likita ya ɗauka mafi tsanani, wanda jinya ta fi karkata a kansa, shi ne na farko. Ƙujewa ko tararren jinin da ke wuri ɗaya da babban rauni ba a ba shi lamba. Ƙaramar taɓuwar jijiyar jini tana bin babban raunin, amma in jijiyar ce ainihin abin da ya lalace, kamar babbar jijiyar ciki a S35.0, ita ke gaba.

Ga direban da motarsa ta yi karo da wata mota a kan titi, aka samu tsagar saifa ta santimita 4 da karayar ƙashin mara na hagu da ba a fayyace irinta ba. S36.032A ce farko, S32.502A ta biyu, sai V43.52XA ta faɗi sanadi. Lambobin wuri, aiki da matsayi, Y92, Y93 da Y99, a zuwan farko kawai ake sa su. Da rahoton bai ambaci santimita 4 ɗin ba, fayil ɗin zai jira a aika wa likita tambaya a rubuce: a kawo masa abin da ke cikin rahoton, a nemi girman tsagar, ba tare da nuna masa amsar da ake so ba.